Yari Mai Lambun Sha-Iska

Shekara ashirin da bakwai ke nan da na san Malam Yari, kuma ban taɓa ganin mutumin da ya kai shi tsoro ba. Shi kansa ba ya ɓoyewa. Idan tayar mota ta fashe a bakin titi sai ya saki bokiti ya raɓe bayan itace. Idan aka ce wani babba zai zo duba lambu, tun jajibere ba ya barci. Yakan ce mini, "Ni dai Mai Hoto, Allah bai ba ni zuciya ba, hannu ya ba ni." Mai Hoto yake kirana domin da wannan sana'a ya same ni, ina rataye da kyamara a ƙofar lambun da ya ƙarar da ƙarfinsa a ciki.

Mutumin Rawayya ne, can ƙasar Bungudu. Su tara ne maza a wajen mahaifinsu, da aka raba gona abin da ya faɗo masa bai kai ya ciyar da shi da matarsa Uwani ba. Shekarar da ta biyo bayan samun jiha, lokacin da Gusau ta zama babban birni kowa na tururuwa neman aiki, shi ma ya ɗaure tabarmarsa ya zo. Aka ɗauke shi lebura tare da wasu mutum goma sha ɗaya, aka kai su wani fili a gefen Damba, kusa da hanyar Tsafe, aka ce a nan za a yi wurin shaƙatawa na jama'a.

Filin ba komai a cikinsa sai sabara da tsamiya guda ɗaya. Makiyaya ne ke kwantar da shanu a wurin idan za su shiga kasuwa. Ranar da aka fara kafa turakun wayar shinge, wani Bafulatani dogo mai suna Yahaya ya zo ya tsaya da sandarsa a kafaɗa yana kallo. Rugarsa na bayan filin. Sauran leburori suka yi kamar ba su gan shi ba. Yari kuwa tsoro ya kama shi, ya ɗauka faɗa mutumin ya zo yi, sai ya je ya gaishe shi har ƙasa yana ba shi haƙuri, wai su ma sa su aka yi.

Yahaya ya yi dariya ya ce, "Ni ban zo faɗa ba. Na ga kuna gina ramu ne a inda ƙasa ta mutu. Can wajen tsamiya shanu suka fi kwana, can za ka sa itacenka."

Yari ya bi maganarsa. Dashen da ya sa wajen tsamiya ya kama, na sauran wurare rabi ya bushe. Daga nan Yahaya ya riƙa aiko masa da taki a kan jaki, shi kuma in mangwaro ya nuna sai ya cika masa buhu. Da gari ya ci gaba da faɗaɗa, rugar Yahaya ta yi ta matsawa gabas, har ta ƙare can wajen Bilbis a ƙasar Tsafe. Amma duk sanda ya shigo Gusau sai ya biyo ta lambu, ya jingine sanda, su sha fura a gindin tsamiya.

A allon ƙofa an rubuta wa wurin dogon suna na Turanci, amma ba wanda ya taɓa kiransa da shi. Sha-Iska kowa ke cewa. Leburorin nan goma sha ɗaya duk suka watse, wasu suka koma kabu-kabu, wasu dako a kasuwa, Yari kaɗai ya rage. Shi ya raini dogon yaro ɗari da ashirin, da madaci, da mangwaro, da jerin gwaiba a bakin rijiya. Aka kawo lilo guda shida da abin zamiya na ƙarfe, aka gina bencuna na siminti, aka yi wani zaki shi ma na siminti wanda ya fi kama da tunkiya. A kan zakin nan na ɗauki hotunan yaran Gusau da ba zan iya ƙirgawa ba. Ranar sallah ba ka samun wurin sa ƙafa. Masu rake, masu ƙanƙara, masu balan-balan, amare da angwaye da suka zo hoto, 'yan makaranta da ke karatun jarrabawa a inuwa. Yari na zagayawa da manjagara yana roƙon yara kada su karya reshe. Ko tsawa ba ya iya yi musu.

Lalacewar wurin a hankali ta zo. Injin ruwa ya mutu, ba a gyara ba, Yari ya koma jan guga. Sarƙoƙin lilo suka tsinke ɗaya bayan ɗaya. Wayar hannu ta kashe mini sana'a, na ajiye kyamara na kafa teburin shayi a ƙofar. Mai kula da lambun daga ofis, Malam Isah, mutumin kirki ne, amma abin da yake iya kawowa bai wuce gaisuwa da alkawari ba.

Sannan labaran daji suka fara shigowa. Da farko daga nesa, a rediyo. Daga baya a bakin direbobin Tsafe da ke shan shayi a wurina. An tare hanya a wuri kaza, an kwashe mutanen gari kaza, an hana noma a dajin kaza. 'Yan'uwan Yari na Rawayya suka daina zuwa gonakinsu na nesa. Shi kuwa ya daina zuwa gida ko da biki ko rasuwa, sai dai ya yi gaisuwa ta waya. Idan ya ji ƙarar babura fiye da biyu tare, sai na ga ya tsaya cak da gugar a hannu, sai sun wuce yake numfashi.

'Yan gudun hijira sun fara sauka a lambun ne da gida uku, mata da yara daga wani ƙauye na ƙasar Tsafe, suka roƙa a bar su su huta a inuwa zuwa la'asar. Ba su tashi ba. Kafin shekara ta zagayo gidaje sun haura arba'in. Aka ɗaura buhuna da ledoji tsakanin itatuwa, aka kafa murhu a gindin bencuna, aka shanya tsumma a ƙarfen lilo. Yari bai kori kowa ba. Abin da ya roƙa kawai shi ne kada a sari ɗanyen itace, shi zai riƙa sassabo musu busasshe. Amma zaman nan ya ƙara masa ciwo, domin kullum sai an zaunar da shi an ba shi labari. Wannan ta ce a gabanta aka harbe mijinta. Wancan ya nuna masa bayansa. Yari ya rame, ya daina cin abincin rana. Uwani ta ce mini ko a gida in tabarmar ƙofa ta motsa sai ya zabura.

A cikin 'yan gudun hijirar akwai wani mai suna Bashar, manomi daga wani ƙauye kusa da Bilbis, ƙaƙƙarfa mai jan ido. An kashe masa ƙanne biyu a gona rana ɗaya. Ba ya yawan magana, amma in ya yi, mazan lambun na saurare. Akwai kuma wata tsohuwa, Inna Binta, wadda ta rasa kowa nata sai jika ɗaya mace. Ita ke karɓar haihuwa a wurin, ita ke wankan gawar mata.

A ƙarshen daminar shekarar da aka yanke layukan waya a jihar, aka rufe kasuwannin ƙauye, aka hana safarar shanu, garin ya zama wani iri. Ba ka iya kiran kowa, ba ka san abin da ke faruwa a bayan gari ba sai jita-jita. Kalmar da ta fi yawo a bakin mutane ita ce infoma, wato mai kai wa 'yan bindiga rahoto. An ce suna cikin gari, suna sayar da burodi, suna tuƙa babur, suna sallah a sahu ɗaya da kai. Mun ji an kama wani a wata unguwa, kafin jami'an tsaro su iso an gama da shi.

Wata safiyar Talata Yari ya je buɗe ƙaramar ƙofar baya, inda yake zubar da shara, sai ya tarar da mutum huɗu a tsugune cikin ciyawa. Wani tsoho da hula ƙube, da tsohuwa, da wata matashiya goye da jariri. Sai da tsohon ya ɗago kai sannan ya gane shi. Yahaya ne, ba malafa, ba sanda, ba takalmi, ƙafafunsa sun kumbura sun tsattsage.

Yari ya ce, "Inna lillahi. Mi ya same ka?"

Yahaya ya gaya masa a gurguje. 'Yan bindiga sun kore masa shanu duka. Babban ɗansa ya bi sawu, suka harbe shi, matashiyar nan matar ɗan ce, tsohuwar kuma uwarsa. Bayan kwana biyu kuma samarin wani ƙauye suka zo suka ƙone rugar, suka ce duk Fulanin daji ɗaya ne. Kwana huɗu suna tafiya ta cikin dawa, ba su yarda sun hau titi ba.

Ya ce, "Daji ya kore ni, gari ya kore ni. Ban san kowa a Gusau ba sai kai. In ka ce mu wuce, za mu wuce, ba zan riƙe ka a zuciya ba."

Yari ya faɗa mini daga baya cewa bakinsa ya buɗe ne don ya ce su wuce. Ya san su waye ke kwance a ɗaya gefen lambun, ya san abin da za su yi in suka ga Bafulatanin Bilbis. Amma sai jaririn ya yi tari, wani busasshen tari mara ƙarfi, sai ya ji kansa yana cewa, "Ku biyo ni, ku duƙa."

Akwai sito a ƙuryar lambun, bayan rumfar da yake rainon dashe, ɗaki ɗaya mai rufin kwano inda yake ajiye baro da shebur da tiyo. Taga ɗaya gare shi ƙarama, tana kallon katanga. Nan ya shigar da su, ya sa kwaɗo ta waje, ya jefa makullin a aljihu. Da ya zo wurina ya karɓi shayi ya ajiye bai sha ba. Na tambaye shi ko zazzaɓi ne, ya ce e.

Uwani kaɗai ya gaya wa. Ita ba irinsa ba ce, gajeriya ce mai kaifin baki, tana sayar da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa a gida. Ta ce masa, "Ka riga ka ɗauko, sai a san yadda za a sauke." Shawararsu ita ce a nemi Malam Isah ya san hanyar da za a miƙa mutanen ga hukuma lafiya. Amma babu waya. Uwani ta je gidansa a ƙafa aka ce ya yi tafiya Sakkwato, sai Juma'a ko Asabar. Yari kuwa ya ƙi yarda a je wajen jami'an tsaro kai tsaye, yana cewa in suka tambaye shi me ya sa ya ɓoye su tun farko, me zai ce?

Kwana uku ana haka. Uwani na kawo tuwo a kwano biyu cikin bokiti, ta rufa da tsumma kamar wanki. Yari na shiga siton da baro, ya fito da baro, a ƙarƙashin ganye akwai abin da ya kamata a zubar. Duk wanda ya nufi wajen rumfar dashe sai ya tare shi da surutu. Da jaririn ya fara kuka sai ya kama buga shebur a kan dutse wai yana gyara shi. Na lura ya daina haɗa ido da Bashar. In Bashar ya yi masa sallama sai ya amsa yana kallon ƙasa, gumi na tsattsafo masa a goshi. Ni kaina na fara zarginsa da wani abu, ban dai san mene ne ba.

Ranar Juma'a, bayan an sauko daga masallaci, wata mata ta zagaya bayan katanga tsintar ƙirare. Ta ƙaramar tagar nan ta ji tsohuwa na rarrashin jariri da Fulatanci. Ta watsar da itacen ta dawo da gudu.

Ina wanke kofuna na ji hayaniya. Kafin in kai wurin mutane sun fi hamsin, ba 'yan lambun kaɗai ba, har da 'yan kabu-kabu da masu wucewa da suka ji an ce an kama infoma. Wasu da gora, wasu da adda, wani da bulo a hannu. Yari na tsaye ya jingina bayansa da ƙofar siton. Ban ce ya tsaya don jarumtaka ba, shi ma bai taɓa cewa haka ba. Ya ce ya ruga ne don ya buɗe musu su gudu ta baya, sai jama'a suka rutsa shi a nan.

Bashar ya matso ya ce, "Malam Yari, wa ke cikin ɗakin nan?"

"Kayan aiki na."

"Kayan aiki na kukan jinjiri? Kawo makulli."

Yari ya ƙara mannewa da ƙofar. Haƙoransa na haɗuwa muna ji. Na ga gaban wandonsa ya jiƙe, ruwan ya gangaro har kan silifas ɗinsa. Wani ya yi dariya, wani ya ce, "Kun gani? Mara gaskiya ko cikin ruwa gumi yakai." Amma hannunsa na dama na cikin aljihu, ya damƙe makullin, bai fito da shi ba.

Ni ina ina? Ina bayan wani madaci, da kofi a hannuna. Na san Yari, na san ba zai iya cutar da ƙuda ba. Da na yi magana wataƙila wani ya saurara. Amma na ga idanun mutanen, na tuna ina da 'ya'ya biyar, na yi shiru. Wannan ina faɗinsa ne don kada a ɗauka ni wani abin kirki na yi a ranar.

Daga cikin ɗakin Yahaya ya yi magana. "Bashar, na ji muryarka. Ni ne Yahaya na rugar bakin rafi. Kada ku taɓa mai lambu, ni na zo na same shi."

Bashar ya san shi sarai, shekaru suna sayen nono a rugarsa. Ya matsa kusa da ƙofar ya ce, "Yahaya, ina ɗanka Bello?"

"Sun kashe shi."

"Ƙaramin fa? Ina Yakubu?"

Yahaya ya ce, "Yana daji cikin 'yan bindigar. Shekara biyu ke nan. Na tsine masa a gaban uwarsa, ga ta nan, ka tambaye ta. Ba zan yi maka ƙarya a bakin kabarina ba."

Yari bai san da wannan ba, a lokacin ya fara ji. Na ga ya rufe ido. Jama'a suka ɗauki ihu gaba ɗaya, bulo ya sauka a kan kwanon rufi, wani saurayi da ban sani ba ya kai wa Yari gora. Ya ɗaga hannun hagu ya kare, muka ji ƙashin ya yi ƙas. Ya zame ya zauna a bakin ƙofa yana salati, yana cewa, "Ku yi mini rai, ku yi mini rai." Aka fara jan rigarsa ana laluben aljihu.

Sai Inna Binta ta ratso da sandarta. Ba ta yi wa kowa tsawa ba. Ta zo ta zauna a ƙasa gefen Yari, ta jingina da ƙofar ita ma, ta miƙe ƙafafu.

Ta ce, "Ni na gaji da wankan gawa. Wanga jinjiri da ke ciki, shi ma infoma na? Bashar, kai nake tambaya. In za ku shiga sai ku taka ni, daɗai ba ni da sauran kowa."

Bashar ya tsaya yana huci, addarsa a hannu. Ya dubi tsohuwar, ya dubi Yari da ke riƙe da karyayyen hannu. Bai ajiye addar ba, amma ya juya ya fuskanci jama'a ya ce ba wanda zai shiga sai hukuma ta zo, kuma ba wanda zai fita. Waɗanda suka zo daga waje suka yi ta zaginsa, wani ya ce a kawo fetur. Mazan lambun kuwa, tun da Bashar ya faɗa, sai suka ja layi a gabansa ba don sun so ba. Haka aka tsaya kusan awa guda cikin rana, kowane lokaci ana jin kamar yanzu za a ɓalle.

Ashe tun farkon hayaniyar Uwani na zuwa da bokitin tuwo. Da ta hango taron ta ajiye shi a bakin titi, ta cire takalmi ta ruga har inda jami'an tsaro ke da shinge a hanyar Tsafe. Ta ce sai da ta kama rigar babbansu ta ƙi saki sannan suka taso. A bayan motarsu ta dawo, ba mayafi.

Sai a lokacin Yari ya fito da makullin. Ya kasa sa shi a kwaɗo, wani jami'i ya karɓa ya buɗe. Aka fito da su huɗun, ana jifa, aka tura su mota tare da Yari. Yahaya bai dubi kowa ba sai Bashar, shi kuwa Bashar ya kau da kai.

Kwana biyu Yari ya yi ana masa tambayoyi, hannunsa ɗaure da tsumma. Da Malam Isah ya dawo ya je ya tsaya masa, ya kawo takardun aikinsa na shekara ashirin da huɗu, aka sake shi. Matan an miƙa su ga wasu danginsu. Yahaya an riƙe shi ya fi wata, daga baya muka ji an sallame shi ya bi su kudu, can wajen Neja ko Kwara, ba wanda ya tabbatar. Bai sake zuwa Gusau ba. Hannun Yari kuwa mai ɗori ya gyara shi, amma ya warke a karkace, ba ya iya jan guga da shi.

Bayan abin da sati uku aka kwashe 'yan gudun hijirar zuwa wani gini da ba a gama ba a ɗaya gefen gari, aka sa wa lambun sarƙa. Ranar da za su tafi Bashar ya zo ya tsaya a gaban Yari, na ɗauka haƙuri zai ba shi. Cewa ya yi, "Da ka gaya mini tun ranar farko." Yari ya ce, "Da mi za ka yi?" Bashar ya ce, "Ban sani ba." Ya ɗauki buhunsa ya hau mota.

A Damba sunan infoma ya bi Yari wata da watanni. Wasu suka daina sayen man Uwani. A masallaci yakan tsaya a sahun ƙarshe kusa da ƙofa. A hankali maganar ta kwanta, domin kullum akwai sabon tashin hankalin da ya fi na jiya.

Abin da ya fi girgiza shi ya zo ne bayan kusan shekara, layukan waya sun daɗe da dawowa. Muna zaune a teburina da hantsi wayarsa ta yi ƙara, lambar da bai sani ba. Ya ɗauka. Ina kusa, ina jin muryar, ta saurayi ce, a natse, ana jin iska da kukan shanu a bayanta.

"Kai ne Yari mai lambu?"

"Ni ne."

"Ni ne Yakubu ɗan Yahaya. Na ji abin da ka yi wa tsohona da innata. Na gode. Mutanenka na Rawayya, ka faɗa mini gonakinsu, ba mai taɓa su."

Yari ya kashe wayar, fuskarsa ta yi fari kamar toka. Ya dube ni, ya dubi mutum biyun da ke ɗaya bencin suna cin burodi, ko sun ji. Sannan ya tashi, ya buɗe bayan wayar da haƙori saboda karkataccen hannunsa, ya zare layin, ya je ya jefa shi a rijiyar lambu. Da ya dawo ya ce mini a hankali, "Mai Hoto, wa ya ba shi lambata? Kuma in wani ya ji ɗan daji ya yi mini godiya, wa zai tsaya mini wannan karon?" Na rantse masa ba zan faɗa ba, kuma ban faɗa ba sai yanzu da shi da kansa ya ce in rubuta, ya ce ya gaji da riƙe abin shi kaɗai. Gonakin Rawayya kuwa bai faɗa wa kowa ba. Ƙaninsa ɗaya an ɗauke shi a gona daminar da ta biyo baya, Allah ya sa ya kuɓuto bayan kwana tara. Yari ya yi ta tambayata ko da ya amsa wa yaron nan da ba a ɗauke shi ba.

Bara aka sake buɗe Sha-Iska. An yanke kashi ɗaya cikin uku na filin ta bakin titi aka gina shaguna, dogon yaro talatin da ɗaya suka tafi a ciki, da siton. An shafa wa sauran bencunan fenti, an kawo lilo sababbi guda uku. Mutane na zuwa, amma ba kamar da ba, kuma da an yi la'asar kowa ke kama hanyar gida. Yari ya yi ritaya, an ɗauki wani a madadinsa. Duk da haka yakan zo da safe sau biyu ko uku a mako, ya zagaya da hannunsa a maƙale a ƙirji, ya nuna wa sabon inda gara ta fara cin madaci. Har yau ba ya riƙe waya. In 'yan'uwansa na son magana da shi sai su kira Uwani, ita ta fara ji ko wane ne, sannan ta miƙa masa.